Za A Yi Kewarki

Zuwa gare ki, sanyin idona, inuwar da na daɗe ina ratsawa ban taɓa zama a ƙarƙashinta ba, rijiya mai zurfi wadda ba ta hayaniya da ruwanta, abar da zuciyata ta zaɓa tun kafin hankalina ya sa hannu.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar Baba ta yi sauƙi, Mama kuma tana nan lafiya.

Kada waɗannan sunaye su ba ki mamaki. Na san ba ki taɓa jin irinsu a bakina ba. Abin da kika saba ji shi ne gaisuwar safe a kan matakala da sai gobe a ƙofar tsangaya. Kowane ɗaya sai da na auna shi kafin in rubuta. Na so in kira ki wata, na fasa, domin hasken wata aro ne, ke kuwa ba ki ari naki wurin kowa ba. Na so in kira ki tauraruwa, sai na tuna abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya, cewa mai kallon tauraro tsohon haske yake gani, shi mai hasken yana can inda ƙafa ba ta kaiwa. Wannan kwatancin ya yi kama da halin da nake shirin shiga fiye da yadda zan iya jurewa, shi ya sa na soke shi.

Jiya a taron tsangaya Shugaba ya sanar cewa kin ajiye aiki, kuma da an kammala jarrabawar wannan zango za ki tafi cibiyar binciken da ta gayyace ki a ƙasar waje. Ya faɗi haka ne tsakanin batun rabon ɗakunan jarrabawa da batun famfon da ke yoyo a bayan ɗakin karatu. Ni na riga na sani, ke kika gaya mini da bakinki, kuma amsar da na ba ki a ranar ita ce dalilin wannan wasiƙa. Amma bari in faro daga tushe, kin san ban iya tsallake mataki ba.

Kin tuna yammacin da ruwan farko ya tsare mu a barandar ɗakin gwajinki? Na sauko daga bene ne aron ma'aunin zafi, alhali durowata cike take da irinsa. Ruwa ya zuba a kan busasshiyar ƙasa, ƙamshin nan ya tashi, kika lumshe ido. Kika ce mini mutane suna yaba wa ruwa a kan abin da ba shi ya yi ba, wasu ƙananan halittu ne a cikin turɓaya, waɗanda ido ba ya gani, suke fitar da ƙamshin. Kika kira su 'ya'yanki. Kika ce daga danginsu ake samun magunguna da yawa, kuma kina da yaƙinin cewa a ƙasar nan da muke takawa kullum akwai wani maganin da duniya ba ta san da shi ba tukuna. Fuskarki a lokacin, ya Allah! Kamar gona ce da ta sha ruwa, kamar fitila ce aka kunna a cikin tulu. Ni kuwa me na ce miki? Na ce bisa la'akari da yadda iska ke kaɗawa, ruwan ba zai daɗe ba. A zuci kuwa roƙon Allah nake kada ya tsaya.

Shekara da shekaru ina kallonki kina fita da 'yar shebur da kwalabe, daga bakin kogi zuwa tsofaffin gonaki, kina dawowa da ƙura har gira. Kina tacewa, kina renon 'ya'yan naki a faranti, kina jera su a firizar da ke kusurwar ɗakinki. Duk abin da kika tara a duniya yana cikin wannan farin akwati mai gurnani.

Sai wasu manya a wata nahiya suka ga dama su yi yaƙi. Kin tuna yadda Jakada, malamin nan na kimiyyar siyasa da ba ya rabuwa da kwat da rediyo ko gari ya ɗauki zafi, ya warware mana shi a ɗakin shayi? Ya tattara kofunanmu ya mai da su ƙasashe, ya ɗora cokali a tsakani ya ce wannan ce mashigar tekun da jiragen mai suke bi. Malamin lissafi ya ce a dawo masa da kofinsa kafin a mamaye shi, tunda ko sukarin ciki bai gama narkewa ba. Muka yi ta dariya, har da ke. Wa ya san cewa bakin cokalin nan firizarki yake nunawa? Dizal ya yi tsada, jami'a ta rage awannin janareta, sannan a wani dogon hutu aka yanke layin tsangayarmu aka bar na babban ɗakin taro, domin akwai baƙi, kuma baƙi ba sa son gumi.

Da safiyar dawowa na same ki zaune a ƙasa, ruwa ya malalo daga gindin firizar har bakin ƙofa. Ba ki yi kuka ba. Kina ɗaukar kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kina karanta sunan wurin da kika ɗebo kowace, kamar mai kiran sunayen ɗalibai a ajin da ba kowa. Da kin yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Aka kafa kwamiti, kamar yadda aka saba, aka naɗa ni sakatare saboda, in ji Shugaba, alƙalamina ba ya ɗaukar zafi. Kin karanta rahoton. An samu katsewar lantarki. An lura cewa ba a sanar da sashe ba. An yi asarar wasu samfura. An ba da shawarar a kiyaye gaba. Kika tambaye ni wanda ya yanke layin, na ce miki rahoto ba ya ɗaukar sunaye.

Ki bar ni in faɗa miki inda na samo wannan harshe, ba don ya wanke ni ba. Tun ina ɗalibi, malamin da ya duba kundina ya bi kowane "na" da jan biro. Ya ce masanin kimiyya ba ya cewa na auna, sai dai an auna, domin nauyin dutse bai damu da hannun da ya ɗora shi a sikeli ba. Na yarda da shi, har gobe kuma akwai gaskiya a maganarsa, a cikin ɗakin gwaji. Amma ki saurari rediyon Jakada ki ji inda kalmar take kwana. An kai hari. An rasa rayuka. An yi Allah wadai. Za a zauna a teburi. Ki shiga ofisoshinmu: ana kan dubawa, ba a saki kuɗin ba, za a tuntuɓe ku. Wane ne wannan An, mai hannu dubu da ba shi da fuska? A wace unguwa yake, wace uwa ta haife shi? Shi yake jefa bam, shi yake jajantawa, shi yake kafa kwamitin da zai binciki kansa. Ni kuma na ɗauke shi daga takardun aiki na shigar da shi har cikin ƙirjina, na ba shi ɗaki.

Ranar da kika tare ni a kan matakala, kika ce cibiyar ta gayyace ki amma ba ki ba su amsa ba, kina so ki ji ta bakina tukuna. Kika tsaya kina jira, ɗalibai suna ratsa mu ta hagu da dama. Na san abin da kike tambaya. Ba shawarar abokin aiki kike nema ba. Na auna, na sake aunawa, na buɗe baki na ce:

"Za a yi kewarki ƙwarai."

Kika dube ni, kika ce a hankali:

"Har kai, Malam? Wannan 'a' ɗin da ya kashe mini firiza, shi ne kuma zai yi kewata? To, ka gaishe shi."

Kika sauka. Washegari kika ba su amsa.

Ni ne, hasken raina. Ni zan yi kewarki. Ni ne zan riƙa saukowa aron abin da ba na buƙata in tarar da ƙofa a kulle. Ni ne wanda ya san takunki a kan baranda ya bambanta shi da na kowa, wanda yake manta tsakiyar lissafi a gaban allo idan dariyarki ta hauro ta taga. Ina sonki. Ina sonki kamar yadda saiwa ke son danshi, a ɓoye, a cikin duhu, ba fasawa. Wayyo ni, wannan jimla ba ta kai numfashi ɗaya ba, amma ga abin da rashinta ya ci mini!

Duk da haka ina da ƙorafi a kanki, ki yi haƙuri ki ji shi. Ke da kike gane halittar da ba ta da baki daga launin da ta bari a faranti, yaya aka yi kika kasa karanta ni? Wa ya riƙa kinkimo batirin ɗakin gwajinsa zuwa naki duk lokacin da wuta ta ɗauke a ranar aiki? Wa ya karɓi ajinki makonnin da Baba yake kwance a asibiti? Ba ki ga wannan duka ba? Na rubuta ƙorafin, na sake karantawa, na ga bai tsaya da ƙafarsa ba. Abokin aiki mai kirki ma zai iya yin haka. Ba ki da hurumin gina rayuwarki a kan abin da mai shi ya ƙi sa wa hannu.

Da na gaya wa yayata, ko tausaya mini ba ta yi ba. Ta ce in ci gaba da tattara bayanai har ranar da za a kawo mini katin aurenki in duba kurakuran rubutu. Mahaifiyata Inna kuwa har yanzu tana tambayata labarin malamar nan mai 'ya'ya a kwalba, wadda ta zo duba ta da ciwonta ya tashi.

Ba zan roƙe ki ki fasa tafiya ba. In tsayar da ke da me? Da sabuwar firiza a kan tsohon layi? Da alkawarin kwamiti? Ki tafi inda wuta ba ta ɗaukewa. Sai dai abin yana ci mini rai cewa ƙasar da ta buɗe miki ƙofa tana cikin masu cinikin makaman wannan yaƙin. Sun narkar da aikinki da hannun hagu, sun miƙo miki mabuɗin sabon ɗaki da na dama, kuma dole mu ce mun gode. Su ne kuma suka hana ni biza bara, da na nemi halartar ɗan taron masana, wai ban gamsar da su cewa zan dawo gida ba. Ni, da ban taɓa iya barin ko'ina ba! Ko da sun ba ni, kin san ba zan tafi in bar Inna a halin da take ciki ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ba ni izini in je wurin Baba kafin jirginki ya tashi, in zauna a gabansa in nemi aurenki da bakina. Ki tafi da alkawarina a hannunki, ki yi shekarun da aikin ya nema, ki dawo idan kin ga hanya, ko in zo idan masu ƙofa sun buɗe. Ban san yadda za mu haɗa rayuwa a kan teku ba, kuma wannan ne karo na farko da nake neman abu ba tare da na gama lissafinsa ba.

Ƙofar ofishina a buɗe take kullum bayan an tashi daga jarrabawa. Ba sai kin shigo ba, ki tsaya daga bakin ƙofa ki ce in je, ya wadatar. In kuwa amsarki a'a ce, ba zan sake tayar da maganar ba. Zan zo ranar tafiyarki tare da sauran malamai, in ɗauki akwatin da ya fi nauyi in kai mota, in yi miki addu'ar sauka lafiya, kuma ba za ki ji komai daga bakina ba bayan wannan. Kin san a nan kam na ƙware.

Ko kin amsa ko kin yi shiru, babu wata a bayanki muddin ina numfashi.

Naki,
Malamin Fiziks na bene