Jar Hular da Ban Gani Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sasanci na masu keke mai ƙafa uku na unguwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tela ne, shagona yana kallon Titin Bauchi. Ina cikin mutum huɗun da suka ba da shaida a gabanku kan keken da ya buge Mama Ladi mai dankali ya gudu, mako uku da suka wuce. Da shaidarmu kuka karɓe keken Sabo, kuka hana shi tasha. A gaban jama'a na yi maganar, shi ya sa na zo gyara ta a fili.

Na farko, kun jera mu a benci ɗaya kamar masu jiran allura, kowa na jin bakin kowa. Wanda ya fara magana ya ce jar hula direban ya sa. Sakatarenku ya rubuta, ya karanta da ƙarfi. Da aka zo kaina bai tambaye ni abin da na gani ba, cewa ya yi ai ni ma na ga jar hular, ko? Na ce na gani. Duk tashar kuwa an san Sabo da jar hula.

Na biyu, wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. Ina faɗa sai na ga hular a raina, har da zaren da ya tsinke a gefenta. Kun san tela da ganin zare.

Na uku, shekaranjiya matata ta kunna min saƙon muryar da na tura mata ana gama ɗaga Mama Ladi. Muryata ce, ina haki, ina cewa bayan keken kawai na hango, direban ko kansa ban gani ba. Sau uku na saurara.

Ban ce Sabo bai yi ba, ban ce ya yi ba. Ban sani ba, kuma abin da ya kamata in faɗa ranar ke nan. Yau mako uku yana zaune a gida da 'ya'ya biyar, mai buge Mama Ladi kuma wataƙila yana nan yana ɗaukar fasinja zuwa Gada Biyu.

Roƙona shi ne a cire shaidata, a sake kiran sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, a bar kowa ya faɗi nasa kafin a sa masa magana a baki. In ba abin da ya rage sai hula, a mayar wa Sabo kekensa.

Allah ya ba Mama Ladi lafiya, ya yi maka jagora. Ni kuwa har yanzu in na rufe ido ina ganin jar hular nan sarai, kuma na san ban taɓa ganinta ba.

Wassalam.

Naka,
Tela a Titin Bauchi, Jos