Wane ne Giwan Ruwa, Baba Ɗanladi?

Unguwar Gesse,
Birnin Kebbi.

Zuwa ga Baba Ɗanladi, duk inda yake a ƙasar kudu.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, irin wadda ɗiya ke yi wa uba. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Mama da yara da jikoki. Ni ce Hauwa'u, ɗiyar amininka Bawa Maihoma na Argungu, wadda ka sani da rashin jin magana. Yanzu malamar makaranta ce ni, ina aure a nan Birnin Kebbi, har da 'ya'ya uku.

Na rubuta wasiƙar nan a fili, a shafin sada zumunta inda kowa zai karanta, domin ba ni da wata hanyar samunka. Lambar wayar da ka bar mana ta daina shiga tun shekara ta biyu da komawarka gida. Abin kunyar kuma, da na zauna zan yi cigiyarka sai na tarar ban san sunanka ba. Ka shekara talatin kana sayar da zaren komar masunta da ƙugiya da batir a bakin kasuwar Argungu. Ka ce wa su mahaifina ranar Lahadi aka haife ka, suka ce to Ɗanladi ke nan, magana ta ƙare. Sunan mahaifinka, sunan garinku, babu wanda ya taɓa tambaya. Mun dai san Ibo ne kai, kuma ka fi wasu Kabawan iya zama a gaban tuwon shinkafa da miyar kifi.

Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, kuma ban da kai babu mai amsarta a duniya: wane ne Giwan Ruwa?

Na san ka gane, amma bari in tuna maka yadda abin yake. Duk ranar da 'yan ƙwallon ƙasarmu za su buga wasa, Baba, wato mahaifina, yakan baro bakin gulbi tun kafin la'asar, ya jingine homarsa ta kamun kifi, ya zauna a bencin ƙofar shagonka. Kai kuma ka fito da rediyon nan taka mai jakar fata, ka zuba mata sabon batir. Da Turanci ake kawo wasan, Baba kuwa ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci. Kai ne tafintansa. Sunayen 'yan wasan ma suna karya masa harshe, sai ka hutar da shi, ka raɗa wa kowannensu sunan kifin da Baba ya sani.

Mai tsaron gida ya zama Kurungu, saboda in ya buɗe ƙayoyinsa babu abin da ke wucewa. Akwai Minjirya, wadda duk wanda ya taɓa ta sai ya sake. Akwai wani da ka sa wa Gaiwa, wanda Baba ya fi zagi, don sai ya kwanta cikin laka tun farkon wasa, an manta da shi, sannan ya farka ana gab da tashi ya yi abin da za a kwana ana magana. Sai babbansu, mai cin ƙwallo, Giwan Ruwa. Har yau ina jin muryarka da Hausarka ta Argungu: "Bawa, Minjirya ta amshe! Ta wuce guda, ta wuce biyu, ta miƙa ma Giwan Ruwa! Bawa, tashi tsaye!" Baba ya miƙe yana riƙe da mazagin wando, hula ta faɗi, bai ko kula ba.

Da gidajen kallo suka shigo gari, samari suka yi ta jansa ya je ya gani da idonsa. Ya ƙi. Cewa yake yi, "Ina da Ɗanladi, mi zan yi da akwati?" Tun ranar da ka hau motar komawa gida kuwa bai sake tambayar wa ya ci, wa aka ci ba.

Ga dalilin gaggawata. Idon Baba na hagu ya mutu tun bara. Na dama ne ya rage, shi ma likita ya ce hawan jinin ido ne, magani yana rage masa gudu ne kawai, ba ya tsayar da shi. Na ɗauko shi daga Argungu na kawo shi nan Gesse don ya kusa da asibiti. Ranar da muka dawo daga ganin likita, muna cikin keke-napep, na tambaye shi me yake so ya gani tun da sauran haske. Na ɗauka zai ce gulbi, ko gonar albasarsa. Sai ya ce, "Ɗiyata, in dai wayar nan taku na nuna komi, nuna man huskar Giwan Ruwa. Ban taɓa ganinai ba."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe na jawo wa kaina aiki.

Mako uku ke nan ina karatun tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu kamar mai shirin jarrabawa, ni da ban san bambancin bugun kwana da bugun fanareti ba. Maigidana yana ta yi mini dariya, amma shi ke nemo mini tsofaffin hotuna da bidiyo. Kuma gaskiya abin ya ja ni. Ban san cewa 'yan wasan farko ma'aikata ne da ke tashi daga aiki su tafi fili ba. Ban san sun taɓa shiga jirgin ruwa suka je ƙasar Turawa, wasunsu suka buga ba takalmi ba. Ban san kafin koriyar riga ja suke sawa ba. Na karanta yadda aka daɗe ana zuwa bakin kofin Afirka ana dawowa hannu wofi, da yadda aka ɗauke shi karon farko a gida, da shekarun da aka yi ta kaiwa wasan ƙarshe ana faɗuwa. Ka san duk wannan lokacin da kake fassara wa Baba? Ko kai ma abin da rediyo ta ba ka kawai kake da shi?

Kurungu bai ba ni wahala ba, na samu mutum biyu da nake zargi. Minjirya ma ina jin na gane ta, don na ga wani da ke wasa da ƙwallo kamar ya raina mutane, na ce lallai wannan ce. Giwan Ruwa ne ya gagare ni.

Na zauna da Baba da takarda da biro, na ce ya ba ni alamominsa. Ya ce dogo ne, ƙaƙƙarfa, yana ci da ka. Ya ce yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin farko, shekarar da shi Baba ya sayi kwalekwalensa na fari, ni ko cikina ba a yi ba. Ya ce shi ya ci mana ƙwallo karon farko da muka je gasar duniya, lokacin ina firamare. Ya kuma ce ya ci wata a makon bikina, ranar da ya bar baƙi a zaure ya sulale zuwa shagonka, Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Na lissafa da yatsu, na sake lissafawa. Sama da shekara ashirin da biyar, Baba Ɗanladi! Wane irin ɗan Adam ne zai shekara ashirin da biyar yana gudu a gaba yana cin ƙwallo? Na bi jerin masu cin ƙwallo na kowane zamani, babu mutum ɗaya da ya cika alamomin nan. Wannan ya dace da ta farko, wancan da ta biyu, ta ukun kuma wani yaro ne da bai fi ni shekaru ba.

To ka ga inda na tsaya. Ina zargin ka yi wa amininka wayo. Ina jin duk sanda Giwan Ruwa ya tsufa ya ajiye takalmi, sai ka ɗauki sunan ka ɗora wa na bayansa, ba ka ce uffan ba. Ba fushi nake yi ba, wallahi so nake in san yadda ka yi. Ranar farko da ka canza shi, gabanka bai faɗi ba? Mantuwa ce, ko ka duba fuskar Baba ne ka ga ba za ka iya ce masa gwaninsa ya ƙare ba? Kuma tunda muna maganar, akwai ranakun da rediyon take shiga shuuu, babu abin da ake ji, amma bakinka bai tsaya ba, Minjirya tana ta wuce mutane. Daga ina kake samo wannan?

Ni ma na gwada nawa wayon, sai dai ban iya ba. Da na gaji, na zaɓi bidiyon ɗaya daga cikinsu, dogo mai faɗin ƙirji, na kai wayar daidai idon Baba na dama na ce ga shi. Ya daɗe yana kallo, har ya sa na maimaita masa sau uku. Sannan ya ture hannuna ya ce, "Wanga ba shi na ba." Na ce ta yaya ya sani, shi da bai taɓa ganinsa ba? Ya ce, "Giwan Ruwa in ya taho, ƙasa na motsi. Wanga gudu kawai shikai." Kunya ta kama ni, na shige ɗaki. Na yi wa mahaifina ƙarya a kan ɗan hasken da ya rage masa, kuma ko karɓuwa ba ta yi ba.

Washegari ya ce in sake kunna masa, amma in kashe muryar, ni in riƙa faɗa masa abin da ake yi. Na fara: ga wani ya buga, ga wani ya tare, ga shi ta fita waje. Minti biyu bai cika ba ya ce in bari, wai kamar ina kiran sunayen 'yan aji.

Jiya da hantsi ina ɗiga masa magani, ya kwantar da kai yana jiran ya shiga, sai na ji ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ko Ɗanladi ya yi hurhura yanzu?" Na ce ai dole, tunda kusan sa'anni ne ku. Ya ce, "Ina son in gani." Na rufe kwalbar maganin, sai a lokacin na gane. Mako uku ina bin hotunan mutanen da ba su san da mu ba, alhali wanda yake son gani hotonsa ko ɗaya ba mu da shi a gidan.

Saboda haka ga roƙona, Baba Ɗanladi. In Giwan Ruwa mutum ɗaya ne, ka faɗa mini sunansa, in nemi gafararka a gaban kowa. In kuwa su da yawa ne, kada ka rubuta a ƙarƙashin wasiƙar nan, jikokinsa suna karantawa kuma bakinsu ba ya riƙe magana. Ka bar mu a haka. Amma ka sa wani cikin yaranka ya yi mini magana, mu haɗa ku ta waya mai hoto. Ka zauna inda haske yake sosai, ka cire hula, ka matso kusa. Likita bai ba mu rana ba, sai dai a watan jiya Baba yana gane ni daga ƙofar ɗaki, yanzu kuwa sai na zo gaban tabarmarsa.

In kuma wasiƙar nan ta zo a makare, wani daga cikin 'ya'yanka ne ke karanta ta a madadinka, to ɗan'uwana, ka aiko mini da hotonsa na ƙarshe. Zan san abin da zan ce wa Baba.

Allah ya sa tana isa ta same ka da rai da lafiya. Allah ya saka maka da alheri a kan kowace la'asar da ka ba mahaifina, ya riƙe masa idon nan har ya gan ka. Amin.

Taka ɗiya,
Hauwa'u Bawa Maihoma.