Shanun Babana Ba Na Gwanjo Ba Ne

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Cigaban Garinmu, kuma mai riƙe da zauren garin na waya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an shiga damina lafiya, na rubuto a fili ne domin a fili aka yi mana abin.

An buɗe zauren nan don sanarwar rasuwa da suna da labarin taki. Yanzu sai mutum ya tsallake tallan gwanjo iri-iri kafin ya gano wanda ya rasu. Motoci, firji, injin ban-ruwa, kowanne da "a turo kafin alƙalami yanzu". Na yi shiru, na ɗauka ko kai ma motar kake jira.

Na ɗaya. Makon jiya wata baƙuwar lamba ta saka hoton bijimai biyu, wai an kama su a kan iyaka za a yi gwanjonsu. Alhaji, shanun huɗar mahaifina ne. Ni na ɗauki hoton bara, na saka a zauren nan ranar da muka gama huɗar gyaɗa. Ga jan nan mai karyayyen ƙaho, ga rumbun Inna a bayansu, har da zanen da ta shanya. Wannan sa bai taɓa wuce kasuwar Ɗanbatta ba, amma ga shi an mai da shi ɗan ƙasar waje.

Na biyu. Dattawanmu ba sa tsayawa karanta zancen iyaka. Hoto suke gani, a karanta musu kalma guda: gwanjo. Ka fi ni sanin ma'anar a ce shanun manomi suna gwanjo ana tsakiyar huɗa: ya karye ke nan. Washegari aka fara yi wa Baba sallama ana jaje. Wani dillali ya zo har turke yana duba haƙora. Masu gonakin da suka saba ba shi huɗa suka nemi wani, wai don kada su kunyata shi da tambaya.

Na uku. Na kira ka, ka ce ba za ka iya tsare kowa ba, kuma yawan jama'a ne adon zaure. Zauren gidanka ma ai yana da jama'a, Alhaji, amma na ga akwai ƙyaure.

Baba ba ya riƙe babbar waya, don haka ya ba da amsa da abin da yake da shi. Ranar kasuwa ya ɗaura wa shanun garma, ya shiga gonarmu ta bakin titi, yana huɗa a natse yana ɗaga wa kowace mota hannu. Inna ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya je gona da hular Juma'a ba sai ranar. Na yi jami'a na gama, ban ga raddin da ya kai wannan ba.

Roƙona gare ka: ka cire lambar nan da ire-irenta, ka rufe ƙofa, kada a shigar da wanda ba a san gidansu ba. Sannan ka yi saƙon murya da bakinka, ba rubutu ba, ka faɗa wa gari cewa shanun Malam, mahaifina, suna nan kuma suna karɓar huɗa, tun ƙasa tana da laima.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka ikon riƙe amanar jama'a. Mai lambar kuwa, in da gaske yake son shanun, suna turke. Ya zo da ƙafarsa, ya yi sallama.

Wassalam.

Taka,
'Yar mai jan sa