Tandun Kwalli da 'Yan Kyanwar Kamalu

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Jikana Kamalu, angon nawa da ko goro bai taɓa saya mini ba, yau ya zo daga Funtua da kwali. Na ɗauka atamfa ce. 'Yan kyanwa uku! Wai mota ta take uwarsu a bakin sitonsu na masara. "Amarya, ke kika iya raino." Ya ajiye madara da sirinji ya gudu. Ni ce uwar kyanwa yanzu, da furfurata.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Baƙar cikinsu idonta ya kumbura tun bai buɗe ba, mugunya na tsattsafowa. Na ɗauko tanduna na zizara mata kwalli, na bi sauran biyun da tsinken. Haka na yi wa 'ya'yana tara, wa ya makance?

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Idanun duka ukun sun kumbura.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Kamalu ya turo Malam Isaiah likitan dabbobi. Ya ga baƙi a fatar idon, ya ce, "Inna, tsinke ɗaya kika yi musu?" To da nawa zan yi? Wai ni na raba musu ciwon. Ni! Yaron da aka haifa a gabana a Malumfashi. Ya gasa idon da ruwan ɗumi har ya buɗe, abin da ya fito ba na rubutawa. Ya bar man ido, sau huɗu a rana, kowane ido da audugarsa, kuma in wanke hannu. Ya maimaita wanke hannun, kamar ba na alwala.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ina yi ne kawai don in kunyata shi idan bai yi aiki ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Biyu sun warke, suna bin zanina. Baƙar kuwa, idonta na hagu ya yi fari. Isaiah ya ce idon ya tafi ke nan. Da ma ya yi mini faɗa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Adama maƙwabciyata ta haihu. Suka miƙo mini jaririyar, "Inna, a sa mata kwalli, hannunki da albarka." Na ce tandun ya ɓace. Yana ƙasan adakata. Ruwan ɗumi na sa aka kawo, da sabulu.