Inna, an yanka rago uku ban warke ba

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. 'Yarki Uwani ce daga Gashuwa. Na san dangi za su karanta wannan takarda. To su karanta, dama da su nake.

Kin tuna ranar da abin ya fara a gidanmu na Nguru. Ina tankaɗe, zuciyata ta ɗauki gudu kamar an koro ta, ta ɗan tsaya, ta sake zabura. Kowa ya ruga neman turaren aljanu. Ke kika ce, "Yarinyar nan ciwo ke damunta, ku kai ta asibiti."

Bayan rasuwarki, ƙaninki Kawu Sale ya karɓi ragamar ciwona, yadda ya saba karɓar ragamar komai. Shi ya kai ni Misira. Likitoci suka zura siririyar waya ta jijiyar cinyata har cikin zuciya, suka ƙona ɗan wurin da ke rikita bugun. Sun faɗa mana a fili cewa wani yakan warke, wani kuma ciwon yakan dawo masa. Kawu ya riƙe rabin maganar na farko, ya bar ɗaya rabin a filin jirgi.

Muna isa Nguru ya yanka rago. Da kin gan shi, Inna! Ya cika ƙofar gida da babbar riga yana karɓar barka, sai ka ce shi aka zura wa wayar. Bayan wata biyu, ina cikin motar Gashuwa, gudun ya dawo. Da na gaya masa, sai ya ce, "Kul na ƙara jin wannan a bakinki. Jama'a sun ci nama sun gode wa Allah, ke za ki zo da butulci?"

Shi ke nan, aka hana ni ciwona.

Aka koma Misira karo na biyu a ɓoye, aka ce wa mutane duba ni kawai za a yi. Aka dawo, aka yanka rago. Na uku ma haka. Kowane rago ya fi na baya ƙiba, ni kuwa ina ƙara ramewa. Mijina, bawan Allah, ko tari Kawu ya yi sai ya ce gaskiya ne. Goggonnina kuwa sun ƙware a dubiya. Su baje a tabarma, su ce, "Ya jiki?" Kafin in buɗe baki sun amsa wa kansu, "Ai da sauƙi, ga shi har kin yi kyau." Daga nan su jira in tashi in dama musu fura.

Ke kika koya min cewa ko mutum yana bakin mutuwa, "da sauƙi" yake amsawa. Ladabi ne, na sani. Amma ba ki koya min don a ɗaure ni da shi ba.

Bari in gaya miki yadda nake. Na bar shayi, na bar goro. Ƙwaya safe da yamma. Daga rijiya zuwa madafa sai na tsaya sau uku, in yi kamar ina gyara ɗaurin zani. A sujada nakan ji zuciyar tana harbawa har cikin wuyana, in rasa ko zan iya ɗagowa. Na taɓa faɗuwa a gidan suna da tire a hannuna, aka ce zafin Gashuwa ne. Kowa ya gwammace a zargi rana da a ce ragon Kawu ya tafi a banza.

Yanzu ana maganar na huɗu. Ba a tambaye ni ba. Amma an ce har ya aika kasuwar Jajimaji an sayo rago, ana ba shi dusa.

Jiya maƙwabciyata Ya Falmata, wata dattijuwar Babarbariya, ta shigo ina shara. Ta ce, "Ya jiki?" Na buɗe baki zan ba ta amsar da aka saba, sai na ji na gaji. Na ce, "Babu sauƙi, Ya Falmata. Ban taɓa warkewa ba."

Na jira ta yi salati, ko ta yi min wa'azi. Ta dube ni kawai, ta zare tsintsiyar daga hannuna, ta ce, "To kwanta mana."

Inna, na kwanta a tabarma da rana tsaka, ina jin tana share min tsakar gida, na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izarki. Shekara da shekaru, babu wanda ya ce in kwanta.

Na yi kewarki ƙwarai. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sada mu a Aljanna. Ni kuma Ya ba ni sauƙi na gaskiya, ko Ya ba ni ƙarfin faɗa idan babu.

'Yarki mara lafiya,
Uwani