A Ba Wani Layin Gidanmu

Yaya Mahasoa,

Ina gaishe ka daga Antananarivo. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara? Ni lafiya lau. Aikin wanki ba wuya, sanyi ne kawai ke tsattsaga mini hannu, shi ma zan saba. Busasshen kifin ya iso, Allah ya saka.

Ɗana Tovo ya kira ni. Ya ce layi ya zo kan gidanmu na kai baƙi masu wasan hawan igiyar ruwa da allo can tsakiyar teku, kuma shi zai tuƙa kwalekwalen. Da na hana, dariya ya yi: "Haba Mama, daga zuwa birni har kin zama 'yar tudu mai tsoron ruwa?"

Yaya, ban ga laifin baƙin nan ba. Kifinmu suke saye, ba sa barin shara, su ke riƙe garinmu a watannin da teku ke hana kamun kifi. Amma ranar da masunci ke janye jirginsa kan yashi saboda tashin igiyar ruwa, ranar suke murna. A irin wannan rana mijina Refaly ya kai su. Su allunan da suke hawa suka fito da su. Shi kuwa rigarsa muka binne.

Don Allah ka gaya wa dattawa mun bar layin. Na san tukunyar Inna za ta ragu. Na kuma san wanda za a ba, ɗan wata ne. Na sani, Yaya. Duk da haka a ba shi.

Allah ya yafe mini, ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Soanomena