Kujera Ɗaya, Daktoci Biyu

Soron Ɗinki, Kano
Farkon Fabrairu

Aminiyata Aminat,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida Ahmad da 'yan biyu? Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda muke nan. Na kira ki har na gaji, waya ta ƙi shiga, labarin nan kuma ba zai kwana a cikina ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Gurbi ya samu. Makarantar koyon kasuwanci ta wata jami'a a nan Kano tana neman lakcara mai digirin digirgir a sashen tallata haja. Mutum ɗaya suke so. Da na ga sanarwar tsalle na yi a tsakar gida, har Umma ta fito da ludayi a hannu tana tambayar ko kunama ce.

Kin san zaman da nake yi tun da muka dawo daga Malesiya da takardunmu. Shekara ta zagayo ina koyarwar wucin gadi nan da can. Maƙwabta sun ji ana ce min Dakta, shekaranjiya ma wata ta kawo min ɗanta da zazzaɓi, sai da Umma ta fahimtar da ita cewa ni daktar ciniki ce, ba ta allura ba. In na samu aikin nan, adaidaita ɗaya zan hau daga gida. Ba sai na bar Baba da Umma na tafi Legas ba.

Ga takardar neman aikin da maƙaloli biyu na haɗo miki. Ki duba min da idon nan naki da ba ya barin kuskure. Ke kaɗai na yarda ki gani.

Ki gaida kowa.

Taki,
Ikram

Fatakwal
Tsakiyar Fabrairu

'Yar uwata Ikram,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Ki miƙa gaisuwata ga Baba da Umma.

Na karanta takardunki sau biyu. Kin cika tawali'u a shafin farko. Bincikenki kan matan cikin gari masu sana'a a gida, da yadda suke riƙe masu saye ta waya, shi ne ƙarfinki, amma kin tura shi can ƙasa kamar kina jin kunyarsa. Ki dawo da shi sama. Sauran gyaran na yi miki alama da ja.

Akwai abin da ya sa na yi jinkirin amsawa. Ikram, ni ma na nemi gurbin nan. Na aika da takarduna tun kafin wasiƙarki ta iso. Ban gaya wa kowa ba sai Ahmad, don ban ɗauka za a kula ni ba. Tun rasuwar babanmu Malam, mahaifiyata Hajja ita kaɗai ce a gidanmu na Yakasai, ƙafar kuma tana ƙara matsa mata. Na roƙe ta ta zo nan, ta ce ita da bakin teku sai dai a labari. Ahmad ya amince in dawo Kano da yara in har na samu aiki, shi ya riƙa zuwa.

Na yi tunanin in yi miki gyaran in yi shiru, sai na ga in muka haɗu a ƙofar intabiyu ba zan iya kallon idonki ba. Gyaran da na yi miki na tsakani da Allah ne, kamar yadda zan yi wa kaina.

Ki huta lafiya.

'Yar uwarki,
Aminat

Soron Ɗinki
Maris

Aminat,

Sallama da gaisuwa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Mako guda ina zagaye gida ina cewa duk faɗin Najeriya ba ki ga kujera ba sai tawa. Baba ya gaji da kumburina, ya kira ni zaure. Ya ce shi da Alhaji Sabo rumfunansu manne suke a kasuwar Kurmi tun ba a haife ni ba, takalman fata iri ɗaya suke sayarwa, kuma in ɗaya ya tafi masallaci ɗayan ke tsare masa kaya. Daga nan ya tambaye ni wa ya rubuta sunana a jikin kujerar. Sai na kama dariya.

To yanzu ga labari mai daɗi, sun kira ni intabiyu. Na san ke ma sun kira ki, don jiya na leƙa Yakasai, na tarar da Hajja tana gaya wa duk wanda ya shigo. Ta zaunar da ni ta yi mana addu'a mu biyu, ba ta bambanta ba.

An ce kowa zai yi laccar gwaji gaban farfesoshi da ɗalibai. Ki iso da wuri mu gwada a kan juna, ki kama min kuskure in kama miki. Ranar kuma adaidaita ɗaya za mu hau. Wallahi daɗi nake ji. Ashe dai karatun nan bai tafi a banza ba.

Taki,
Ikram

Soron Ɗinki
Ƙarshen Afrilu

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya kin tarar da yara lafiya. Na fara wasiƙar nan na goge ban san sau nawa ba. Gara ki ji daga bakina.

Jiya da hantsi shugaban makarantar ya kira ni. Ni suka ɗauka. Zan fara da sabon zango.

Ban san lokacin da na durƙusa a tsakar gida na yi sujada ba. Umma ta saki guɗa, mata suka cika gidan, aka aika Kurmi aka kira Baba, ya taho ya manta hularsa a rumfa. Ina tsakiyar murnar fuskarki ta faɗo min, sai na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Ranar intabiyun kin yi saurin tafiya filin jirgi, ban samu na ba ki labarin abin da ya faru a ciki ba. Ina fara lacca aka ɗauke wuta, majigin ya mutu. Sai na ajiye kwamfuta, na tambayi ɗaliban wa ke da uwa ko yaya mai sana'a a gida. Kusan duk ajin suka ɗaga hannu. Wata ta ba da labarin yadda yayarta ke sayar da turaren wuta har Saudiyya ba ta taɓa taka kasuwa ba, muka gina darasin a kai. Har aka kawo wuta ban koma kan majigin ba.

Da muka koma ofis, wata farfesa mai farin gilashi ta ce ta ji ni da ke tare muka yi karatu. Sai ta ce, "Me zai sa mu ɗauke ki mu bar ta?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, a ƙididdiga da rubutun maƙala Aminat ta fi ni, ita ta gyara min takardun da ke gabanki. A aji kuma ina ganin na fi ta. Ina son aikin nan ƙwarai."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ina so ki sani.

Aminat, ina murna, ba zan yi miki ƙaryar cewa ba na yi ba. Amma ban san yadda zan shiga gidan Hajja ba. Ki ce min wani abu, ko faɗa ne.

Taki har kullum,
Ikram

Fatakwal
Mayu

Malama Ikram,

Wa alaikumus salam. Barka, Allah ya sanya albarka, ya sa ki amfani ɗalibanki.

Ni ma farfesar nan ta yi min tambayar. Na ce su ɗauke ni don na cancanta, kuma har yanzu ina ganin na cancanta. Na yi kuka da na karanta wasiƙarki. Ahmad ya tsaya a kaina ya rasa ko jaje zai yi ko barka, ya ƙare da yin duka biyun.

Ki je gidan Hajja, tun jiya take tambayar me ya hana ki zuwa ta sa miki albarka. Maganar dawowata ba ta mutu ba, zan ci gaba da nema.

Kar ki kira ni wannan makon, muryata ba ta gama dawowa ba. Mako mai zuwa ni zan kira, kuma ina son jin komai, har launin labulen ofishinki.

'Yar uwarki,
Aminat